Ruwan Shuka a Shantiyen Fadila

Tun da Fadila ta dawo daga jami'a a Yamai, babanta Malam Ɗantani bai bar ta ta sarara ba. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya nuna masa ita da haɓa: "Ga ta nan. Shekara da shekaru tana karatu, ashe birkila munka haifa!"

"Baba, ba gini nake yi ba. Tafiyar da aikin gini na karanta. Ni ke tsara wa zai yi mi, da yaushe."

"To, sarkin birkiloli ke nan."

Ta gaji da bayani ta bar shi. Abin da ke gabanta ya fi wannan. Wani kamfani ya ɗauke ta gwaji, ya ba ta shantiye, wato wurin aikin gini, a ƙauyensu, can bayan Matankari, inda ake gina ɗakin haihuwa. Bango ya tashi, an ɗaure rodi, saura zubin dal, wato rufin kankare. Patron ɗinta, wato shugabanta a kamfanin, Alhaji Hakim, ya faɗa mata a waya ba kwana-kwana: injin kwaɓa siminti na aro ne, gata da magariba zai wuce Dumega. In an zuba dal kafin nan, aiki nata ne. In ba a zuba ba, ta nemi wani wuri.

Fadila kuwa ta shirya komai tsaf. Yashi, tsakuwa, ruwa a tanki, har wanda zai kawo fura ta tanada. Abu ɗaya ne ba ta shirya masa ba, shi ne sama. Da asuba hadari ya taso daga gabas, aka sheƙa ruwan farko na bana, irin wanda ke jiƙa ƙasa har kamu guda.

Da ta iso shantiye, wayam! Ba kowa sai Ya'u, babban birkila, shi ma da sungumi a kafaɗa.

"Baba Ya'u, ina mutane?"

"Madam, ke ma ɗiyar garin ga ce. An yi ruwan shuka, wa za ki gani nan? Ni ma sallama na zo yi miki."

Haushi ya kama ta, har da na kanta. Ita da aka haifa a nan, ta bi bayan sungumi tana jefa iri tun tana ƙarama, a ce ta manta! A Arewa in ruwan farko ya sauka, ko liman gajarta addu'a yake. Ƙasar rairayi ce, danshinta ba ya jiran kowa. Kowa kuma zai duƙufa a gonarsa shi kaɗai da iyalinsa, sai ya gama a gan shi, injin kuwa ya daɗe da tafiya.

Ta tsaya tana kallon kamiyon kamfani, babbar motar ɗaukar kaya, da ke fake ƙarƙashin gawo. Can ta ce, "Baba Ya'u, gonar wa ta fi kusa?"

Kafin hantsi ta bi gona-gona ta kwaso ma'aikatanta da matansu da ƙannensu, wasu da lallashi, wasu da tsiya. Sharaɗi ɗaya ta kafa: yau da gobe gayya, kowa a shuka masa tasa, jibi kuma kowa da iyalinsa a kan dal. Ta raba su kamar yadda take raba su a shantiye. Masu sara a gaba, masu jefa hatsi a baya, kamiyo na kai rukuni na biyu gona ta gaba tun kafin na farko su ƙare. Ga ta tsaye bisa mota da hular kwano, tana daka tsawa kamar mai kiran kasuwa.

"Kai, Mani! Wannan layi ne ko tafiyar maciji?"

Mata suka yi ta shewa. Wata tsohuwa, Inna Ajuma, ta rantse tun da take ba ta taɓa zuwa shuka a mota ba, kuma daga bana ta daina zuwa a ƙasa.

Gonar babanta ita ce ta fi nisa, kuma Fadila ba ta so a ce ta fifita gida, sai ta sa ta a ƙarshe. Ta aika masa cewa ya jira, suna tafe. Amma tayar kamiyo ta yi faci a rana ta biyu, aka ɓata rabin yini. Da suka gama ta Ya'u rana ta faɗi, mutane sun yi laushi, ƙasa kuma ta fara bushewa daga sama. Gonar Malam Ɗantani ko rami ɗaya ba a sara ba.

Ranar zubi garin ya cika alkawari. Injin na ruri, kwanonin kankare na bin hannu-hannu har saman gini, mata na ɗebo ruwa suna waƙa. Amma Fadila ranta a jagule yake. Ta san in babanta ya fita yau da sassafe shi da ƙannenta, zai iya ceto ko da gefen fadama. Kunyarsa take ji ƙwarai, ta rasa da wane ido za ta dube shi.

Tana duba kwaɓi ta ji Ya'u na cewa, "A'a, Malam, kai da gemunka?"

Ta waiga. Malam Ɗantani ne a cikin layi, ya naɗe hannun riga, ƙannenta duka a bayansa, kwano a kansa, siminti na ɗiga masa a wuya.

Ta sauko da gudu. "Baba, gonar fa? Yau ce kaɗai ta rage maka!"

"Allah bai rufe sama ba, wani ruwan na zuwa. Injin ga ne anka ce ba shi dawowa." Ya gyara kwanon, ya harare ta. "Ke, wuyana na ciwo. Ba ke ce mai faɗin wa zai yi mi ba? Hwaɗa mini inda zan zuba."

Fadila ta ɗaga hannu. Ta nuna masa kusurwar gabas, ya wuce ya hau tsani.