Kalma Ɗaya a Kan Kawu

A kamfanin ɗinkin da nake aiki, ni ce mai rubuta rahoton kwamitin ladabtarwa. Manaja ba ya jin Hausa, don haka ni ce bakin kowa. In saurari mai ƙara, in rubuta da Turanci, in karanta masa da Hausa, sannan ya sa hannu ko ya dangwala yatsa.

Ranar nan mai ƙarar ita ce Inna mai shara. Wanda ake ƙara kuwa Kawu ne, ƙanen mahaifiyata, shugaban sito. Shi ya samo mini aikin nan, kuma bai taɓa bari na manta ba.

Inna ta ɗosana a bakin kujera ta ba da labari. Ta matsar da bandir ɗin yadi ne don rufi yana yoyo a kansa. Kawu ya zo ya tsaya a kanta gaban teloli ashirin, ya kira ta jaka, ya kira ta tsohuwar banza, har kekunan ɗinki suka yi tsit. Ban buƙaci shaida ba, ta tagar ofis na ji komai a ranar.

A takardar akwai layi guda na abin da mai laifi ya aikata, kuma hukunci yana rataye ne da kalmar da ta hau layin. In na rubuta scold, faɗa ne irin na uwa da ɗanta, za a ja masa kunne a wuce wurin. In na rubuta berate, wato ya tsaya ya wanke mutum tas ya ci mutuncinsa, to Kawu ya ajiye makullan sito ke nan.

Ina jin takun takalminsa a baranda, yana kai yana kawowa. Tun da safe Umma ta buga mini waya, ba ta roƙe ni komai ba, ta dai lissafa mini 'ya'yansa bakwai ɗaya bayan ɗaya kamar ban san su ba. Manaja ya dubi agogo.

Na rubuta scold.

Saura karatu. Na ɗaga takardar, kunya ta kama ni, na kasa faɗa wa tsohuwar nan cewa abin da aka yi mata faɗa ne kawai. Sai na karanta mata abin da babu a ciki: ya ci mutuncinta a bainar jama'a, ya zage ta ba da hakkinta ba.

Inna ta share ido da bakin mayafi.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata," in ji ta. "An ce mini kawunki ne, kada ma in wahalar da kaina. Na ce yarinyar nan ba za ta cuce ni ba."

Ta miƙo babban yatsanta. Ni na riƙe mata shi, na dangwala a tawada, na kai shi daidai kan layin.