Irin Kusurwar Maƙabarta

Kwarin da ke bayan gonar su Arlo Hrabik bana ya ƙara faɗi. Tun rasuwar mahaifinsa, duk ruwan da ya sauka a wannan yanki na Kansas sai ya yagi gefen gonar alkama ya tafi da shi. Abin da zai riƙe ƙasar shi ne furen rana na daji, mai doguwar saiwa, wanda in ya kama ba a sake shuka shi. Bara ya sayo iri daga kudu, sanyi ya kashe tsiron kaf. Na asali kuwa wuri ɗaya ya rage, kusurwar tsohuwar maƙabartar coci, inda garma ba ta taɓa shiga ba.

Da Arlo ya isa maƙabartar ya tarar da Baffa Vernon a kan injin yankan ciyawa, saura ƙiris ya kai kusurwar. Arlo ya tsaya a gabansa.

Vernon ya kashe injin. "Kai, ɗan nema! Gaggawar shiga kabari kake?"

"Baffa, bar min su. Irin bai ƙosa ba."

"Gobe za a binne tsohuwa Ludmila. Matan coci sun ce a aske wurin tas. Ka manta bakin Gwaggo Bozena ne?"

"Kan furen ya bushe kawai nake jira."

"Ciyawar da na ƙare ƙuruciyata ina fesa wa magani? Ubanka ma in ya gan ta cikin alkama ashar yake yi."

"Ita ta hana ruwa tone kabarin Kaka."

Vernon ya dubi kusurwar. Gangaren maƙabartar ya fi na gonarsu, amma ko tsagi babu a ƙasar. Ya tsinki kai ɗaya ya murza a tafinsa. Irin kore ne, ɗanye sharaf. Can ya sauko, ya durƙusa, ya zare bel ɗin injin ya cusa a aljihu.

"Inji ya lalace, ka ji ko? In Bozena ta tambaya kai za ka amsa, tunda yau ka samu baki."

Washegari aka binne Ludmila, furannin rawaya sun yi tsayi suna leƙen jama'a. Bozena ba ta tambayi kowa ba. Da aka zauna cin abincin makoki dai, ta tsallake Vernon wajen rabon kek.

Tsuntsaye suka ci rabin irin. Arlo ya kaɗe sauran a jakar takarda. Da dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa ya fita bakin kwarin ya watsa shi a kanta, don irin ba ya tsira sai sanyi ya dake shi.

Vernon na bakin hanya cikin mota, yana shan kofi, bai sauko ba. Ya daɗe yana kallo kafin ya sauke gilashi.

"Mahaukaci! Ƙara zubawa can ƙasa. Can ruwa ya fi ci."