Taguwar Falke

Tun da ruwan dam ɗin Goronyo ya mai da fadamar Wurno ta shinkafa da albasa, Tambari masaƙi bai ƙara samun audugar kirki ba. Farin saƙi ɗaya ya rage masa, yana naɗe a ƙasan adaka.

Malam Jelani, mai koyar da tarihi, ya zo ya durƙusa masa. Za su yi wasan kwaikwayo na zamanin da aka kafa garin, shi zai fito a falke, kuma taguwar yadin kanti ba za ta yi ba. Tambari ya buɗe adakar. Da allura ya ɗinka taguwar, bai bari keke ya taɓa ta ba.

Ranar wasan, Jelani ya fito filin makaranta da taguwar a yage daga kafaɗa, an turmusa ta cikin laka. Jama'a na ta tafi. Tambari ya ratsa su, ya tare Jelani.

"Mi kay yi mata?"

"Baba, don ta yi kama da ta mutanen da."

"Kakana falke na! In ya dawo fatauci, bayan gari yaka wanka ya sauya riga, kana ya shigo. Wa ya ce maka ƙazanta muka gada?"

"A yi haƙuri, Baba, sai a wanke."

Tambari ya shafa wurin yagar, muryarsa ta yi ƙasa.

"Likkafanina na hana kaina na ba ka, Jelani."