Adakar Alhaji Ja'afaru

Ɗanasabe mai walda ya karya ƙotar bindigar Alhaji Ja'afaru. Tsatsa kawai aka ce ya goge. Ya taka ta da ƙafa don kada ta motsa, itacen ya ce ƙas, ya rabe biyu.

Adaka ce irin ta da, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Ta fi shekara hamsin ba ta yi ƙara ba, tana rataye a falon Alhaji a Malali. Duk baƙon da ya shigo sai ya sha labari, wai a Ingila aka ƙera ta, wani Bature ya ba kakansa. Ga shi kuma shagon da Ɗanasabe ke cin abinci da shi a Kawo na Alhajin ne.

Da Alhaji ya ga ɓarnar ya ce, "Ko dai masu ƙirarta su gyara ta, ko ka kwashe komatsanka ka bar mini shago ran Juma'a."

"Ranka ya daɗe, Ingila zan je?"

"Ka je ko a ƙafa ne."

Bayan tafiyarsa Ɗanasabe ya zauna yana jujjuya ƙarfen. A ƙarƙashi, wurin da itace ya rufe tuntuni, sai ya ga zane uku da ɗigo ɗaya. Ya ƙara duba bututun. Shekara talatin yana yankan tsofaffin motoci, ƙarfe ba ya yi masa ƙarya. Bututun sitiyarin babbar mota ne. Ya yi dariya har da tari.

Kwana biyu yana tambayar maƙera, kowa ya ce ya je Kinkinau wurin Baba Bello, shi ne ya rage cikin tsofaffi. Ran Alhamis ya lallaɓi Alhaji, ya ce ya samo Baturen. Alhaji ya sha farar babbar riga, suka tafi.

Baba Bello ido ya yi rauni, da yatsa ya shafa zanen. Sannan ya kai yatsan ga kuncinsa. Tsaga uku ce a wurin.

"Aikin babana ne, Allah ya jiƙansa. Tsagar gidanmu yake sa wa. Ɗigon nan kuwa nawa ne, ina ɗan shekara tara. Sai da na yi kuka ya bar ni na buga."

Alhaji ya ce, "Baba, kakana fa ya ce Bature ne ya ba shi."

"Ƙila Bature ne ya ba shi, yaro. Amma Baturen a wurinmu ya saya. Motarsa ce ta mutu muka cire sitiyarin."

Ɗanasabe ya ce, "Ranka ya daɗe, mun iso Ingila."

Alhaji ya harare shi, sai kuma dariya ta ƙwace masa. Ya tambayi nawa ne gyara.

"Gidanmu ba ma karɓar ko sisi a kan abin da muka ƙera. Zan sassaƙa ƙota, in ƙera zobban da za su riƙe ta. Amma mai kaya shi ke zuga."

"To, Ɗanasabe, matso."

"Shi ne mai kayan?" in ji tsohon.

Haka Alhaji, tsohon darakta guda, ya zauna a ƙasa, ya rungumi zugazugi. Baba Bello na bugu yana cewa, "Ƙara, yaro, ba fifita shayi kake ba!" Ɗanasabe na gefe bisa turmi yana ɓare gyaɗa.

Kafin la'asar Alhaji ya koyi zuga, har yana tambayar yadda ake gane ƙarfe ya nuna. Shago ya zauna a hannun Ɗanasabe. Babbar riga kuwa tartsatsi ya huda ta wuri goma sha ɗaya, matarsa Hajiya Turai ta yayyanka ta tsumman goge-goge.