Jira Ni Sau Uku

Ranar Talata da hantsi, wayoyin gidan rediyon suka ɗauki ƙara lokaci guda. Duk wanda ya kira magana ɗaya ce a bakinsa: an ɓata waƙa.

Baba Allura bai san ana yi ba. Yana ɗakin faifai yana cusa kaset-kaset cikin buhu. An ba shi zuwa ƙarshen mako ya kwashe komai, za a mayar da ɗakin ofishin talla, shi kuma ya koma gida ya huta. Shekara talatin da shida yana cikin ɗakin nan. Ya ga zamanin garmaho. Ya ga manajan da ya hana komai sai waƙoƙin ƙetare. Ya ga kaset, ya ga sidi, ya ga shekara biyun da aka daina kiɗa aka koma musun ƙwallo. Yanzu kwamfuta ce ke zaɓa, waƙoƙin matasa tun safe har yamma. Abu ɗaya ya tsallake duk wannan: Waƙar Gada, ƙarfe goma na kowace safiya, daga tsohon faifai, da hannunsa. Yau ne karon farko da aka sa ta daga kwamfuta, sabuwa fes, wadda Ɗan Gayu mai shirin hantsi ya samo.

Manaja ta leƙo, waya a kunne. Shekararta ɗaya da kama aiki.

"Baba, zo ka ji wannan rigima. Ni dai ta fi ƙarfina."

A situdiyo Ɗan Gayu ya jiƙe da gumi. Wata tsohuwa ce a kan layi.

"Ɗana, wa ya ce ku gyara wa mawaƙin baki? Sau uku yake cewa 'jira ni' kafin ya ce 'a bakin gada'. Naku sau ɗaya ya faɗa, kamar mai sallamar baƙo!"

"Mama, wannan ita ce ta asali."

"Ta asalin gidanku! Da ita mijina ya yi ta bi na. Mutum so ya shaƙe masa wuya har ya kasa ƙarasa magana, kun zo kun mayar da shi mai karanta sanarwa."

Wani tela ya kira ya ce ƙafarsa ta saba taka keke daidai da ukun nan, yau ya karya allura. Wani direba ya ce fasinjojinsa sun rera uku, rediyo ya wuce ya bar su a hanya.

Manaja ta dubi Baba.

"Wai akwai iri biyu ne?"

Ya sosa ƙeya. Ya dubi takalminsa.

"Iri ɗaya ce, ranki ya daɗe. Makona na farko a nan faifan ya suɓuce mini, ya daki ƙafar tebur. Ya yi tabo. In allura ta zo wurin sai ta maƙale, ta yi ta maimaitawa. Ni kuma sai na ƙirga uku na ɗan taɓa ta da yatsa."

"Kuma ba ka taɓa faɗa ba?"

"Da an kore ni."

"Shekara talatin da shida?"

"Ba wanda ya tambaya."

Ɗan Gayu ya kifa kai a tebur yana dariya har kafaɗunsa na rawa. Manaja ta danne tata, ta kasa.

"To ɗauko mana," in ji ta.

"Da sauƙi," Ɗan Gayu ya ce, yana share hawaye. "Mu sa shi yanzu, in naɗa a kwamfuta da tabon da komai. Sau ɗaya, an gama. Baba ya je ya huta."

Baba ya koma ɗakin faifai. Ya ɗauko garmahon a rungume, ya haɗa wayoyi, ya goge faifan da hannun riga. Aka kunna jar fitila, alamar ana jin su kai tsaye. Kiɗa ya tashi da ɗan ƙarar yashin nan nasa. Mawaƙin ya iso wurin.

Jira ni. Jira ni. Jira ni.

Yatsan Baba na sama da allura. Bai sauka ba.

Jira ni. Jira ni.

Sannan ya taɓa, mawaƙin ya isa bakin gada.

Ɗan Gayu ya zaro ido. "Baba, biyar fa!"

"Tsufa," in ji Baba.

Wayoyi suka ɓarke. Tsohuwar ce ta fara shigowa, dariya na cin ta.

"Yau abin ya motsa masa! Biyar! Ashe dai da mutum a wurin. Ku gaishe shi."

Tela ya rantse gobe huɗu ne. Direba ya ce shida, kuma duk motarsa na bayansa. Wata yarinya daga shagon gyaran gashi ta ce ita ba ta taɓa sauraron waƙar tsofaffi ba, amma ƙarfe nawa ake sawa?

Manaja ta tsaya tana kallon fitilun layi suna ƙiftawa, duka shida. Tun zuwanta ba ta taɓa ganin sun kama tare ba.

"Baba, gobe sau nawa?"

"Sai goben ta yi, ranki ya daɗe."

Ta daɗe tana dubansa. Ya tsare gira kamar bai san komai ba.

"Masu talla su zauna inda suke," ta ce. "Kai kuma ka iso kafin goma."

Ɗan Gayu ya matsar da kujerarsa gefe, ya jawo wa Baba wata.