Madugun da Ruwa Ba Ya Ci

Shekarar da aka kwaso ma'aikatu daga Legas aka zube su a Abuja, garin kan zama kufai da zarar an tashi daga aiki ranar Juma'a. Masu mota su nufi Kaduna, masu iyali a Legas su bi dare. Yelwa, mai zanen taswira a wata ma'aikata, ba shi da inda za shi. A wannan zaman kaɗaicin na kwatas ɗin Garki ya ƙirƙiro wasan da ya kira Ayari.

Wasan na baka ne. Mutum ɗaya ke ba da labarin tafiyar fatake, sauran kowa ya ɗauki matsayi: madugu, maharbi, mai magani, maƙeri. In ka ce za ka yi abu mai hatsari, sai ka jefa ƙwayar ludo, ita za ta ce ka tsira ko ka halaka.

Margaret, malamar firamare 'yar Kwali, ita ta ce masa wasa ba ya gyaruwa a kan mutum ɗaya. Ta samo musu aji a makarantarsu, ta kawo abokan aikinta Enoch da Zulai, ta kafa doka: kowace Asabar bayan la'asar, matsayi yana zagayawa, kuma in an gama kowa ya faɗi abin da bai yi masa ba, ba kara. A haka suka gano maharbi ya fi ƙarfin kowa, aka rage masa. Zulai ta ce maƙeri zaman banza yake yi, aka ba shi aikin gyaran sirdi da makamai. Yelwa ya kan ji zafi, amma ya gyara. Burinsa ya kai wasan wa ƙungiyar matasan Kwali in ya nuna.

Sai daraktan ma'aikatar su Yelwa, Oga Maitama, ya ji labari. Iyalinsa na Legas, shi ma kaɗaici ya ishe shi. Ya zo da babbar riga, ya zauna a kujerar malami, ya ce shi ne madugu. Asabar ta zagayo, ya sake cewa shi ne madugu. Da ayari ya iso kogi, ƙwayar ta ba shi ɗaya, sai ya ce tebur ne ya karkace, ya sake jefawa. Yelwa da ke ba da labari ya ce, "Gaskiya ne, yallaɓai." Enoch ya sunkuyar da kai. Lokacin faɗin aibu ya yi, kowa ya ce wasa ya yi daɗi.

Bayan motar oga ta tafi, Margaret ta tare Yelwa a bakin aji.

"Malam Yelwa, wannan ne ka ke kira gwaji? Mun bar wanki, mun bar kasuwa, mun zo mu tafa wa oga?"

"Madam, shi ke sa hannu a takardata. Sunana na cikin masu tafiya kwas."

"To ka kai wasan ofis ku yi a can. Kogin nan, ka san ko ana iya ƙetare shi? Ba ka sani ba. Ni ma ban sani ba. Ranar da muka iso ma sai tebur ya karkace!"



Asabar ta gaba layin ba da labari ya faɗo kan Margaret. Ayari ya iso kogi, Maitama ya jefa, ɗaya ta fito. Ya miƙa hannu zai ɗauka, ta riga shi dafe ƙwayar.

"Ruwa ya ci madugu," ta ce. "Rawaninsa kaɗai ke yawo a sama. Enoch, me za ka yi?"

"Tebur ɗin nan..." Maitama ya fara.

"Teburin da yara ke jarrabawa a kai ne, oga. Lafiyarsa ƙalau."

Oga ya dubi Yelwa yana jira ya yi magana. Yelwa ya kafa wa allo ido. Maitama ya tattara rigarsa, ya ce bai zo Abuja don a raina shi ba, ya fice.

Suka ci gaba. Ruwa ya ci Enoch, ya ci Zulai. Suka sake daga bakin kogi, Yelwa ya ɗauki madugu, ruwa ya cinye su kaf. Suka kuma, haka. Ashe dokar da ya rubuta wa kogin ba ta barin kowa ya haye sai wanda ya yi maguɗi. Da a haka ya kai wa matasan Kwali, da tun rabin tafiya sun watse.

Ranar Litinin aka manna sunayen masu tafiya kwas, babu Yelwa. An sa wani da ko rula bai iya riƙewa ba. Ya je wurin sakatare, aka ce masa daga sama ne. Ya fito cike da takaici. Shekarunsa yana zanen taswira a ma'aikatar nan, an hana shi abin da ya cancanta saboda wani madugun ƙarya ya nutse a kogin ƙarya.

Ya iso aji ranar Asabar a kumbure. Margaret ta ce ta ji, kuma ba ta so hakan ba, amma ko yau aka sake sai ta dafe ƙwayar.

"Ba ke na ke jin haushi ba," ya ce. "Oga ne. Mutum da furfurarsa!"

Zulai ta kawo shawarar a bar maƙeri ya haɗa gora da igiya ya yi abin hayewa kafin a shiga ruwa. Suka gwada, biyu suka haye, ɗaya ya tafi. Enoch ya ce yanzu ya yi sauƙi da yawa, Margaret ta ce ƙarya ne, suka yi ta musu har ladan ya kira magariba.

Da kaka Yelwa ya shiga motar Kwali da taswirar wasansa a naɗe. Matasan suka yi wasan a ƙarƙashin mangwaron coci, suka ƙi tashi. Kwas kuwa bai samu ba har Maitama ya yi ritaya, kuma duk tsawon lokacin gaisuwa ce kawai ke haɗa su.