Rigar da Maman Yara ta Ɗinka wa Na'ura

Ranar da surukinsu ya kawo wa Baban yara na'urar nuna hanya, sai da ya zaunar da shi a mota ya yi masa karatu. Ya buɗe wani shafi mai sanduna a jere, ya ce kowace sanda tauraron ɗan'adam ne a can sama. In ta yi ruwan toka, ƙamshinsa kawai na'urar ta jiyo. In ta yi kore, ta cafke shi. In huɗu suka yi kore, to ta san inda take. Buƙatarta ɗaya: a bar ta ta ga sama.

Baban yara ya haddace tsaf. Abin da ya manta shi ne Maman yara tela ce, kuma a gidanta ba abin da ke kwana tsirara. Rimot na da riga, fanka na da hula. Ta samo tsohon abin tare rana na gilashin mota, mai ƙyalli kamar gwangwani, ta yanka ta ɗinka wa na'urar riga har da leshi, ta bar taga daidai fuska.

"Kada rana ta dafa ta," in ji ta.

Suka kama hanyar sabon gidan 'yarsu, unguwar da ba su taɓa zuwa ba. Tun kafin su bar layinsu sandunan suka kwanta. Na'ura ta ce tana neman taurari, ta yi ta nema.

A danja, Maman yara ta sunkuya tana laluben tabaronta. Baban yara ya ɗan zame rigar, don ya ga rubutun sosai. Sai ga sanduna suna miƙewa, kore shar! Ashe rigar ce.

"Wa ya tuɓe ta?"

"Iska ce."

"Da gilashi a rufe?" Ta mayar, ta ƙulle igiyar tamau.

Mutumin da ya ga yadda ta soke yatsa wajen ɗinkin nan, ina zai samo bakin magana? Sai ya ɗora wa dogayen benaye laifi. Da benaye suka ƙare ya ce bishiyoyi ne. Da bishiyoyi suka ƙare ya leƙa sama yana neman hadari, bai samu ko ƙyalle ba. Suka yi ta zagaya wani shataletale har mai sayar da jarida ya fara ɗaga musu hannu.

"Ko za ki ɗan runtsa?" ya ce da murya mai taushi.

"In runtsa ka kai mu ina? Yaron nan jabu ya sayo maka. Bari in kira shi, yau zai ji ta bakina."

Nan fa Baban yara ya ga za a yanka marar laifi. Ya gangara filin ajiye motoci, ya kashe mota, ya miƙa mata na'urar ba tare da ya dube ta ba.

"Cire mata, ki kalli sandunan nan."

Ta cire. Kore. Ta saka. Toka. Ta sake cirewa, ta saka rabi, biyu suka tsaya suna rawa.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun danjar farko."

"Baban yara! Shi ne ka bar ni cikin takalmi mai matsi muna ta zagaye mai jarida? Bakinka ma riga na ɗinka masa?"

Ta cusa rigar a jaka, ta riƙe na'urar dab da gilashi, tana maimaita duk abin da ta faɗa da ƙarfi, kamar shi kurma ne.

A ƙofar gida 'yarsu ta fito tana tambayar me ya tsayar da su.

"Ubanki mana," in ji Maman yara. "Bai san abin nan sai ya ga sama ba. Ba don na gano ba, da har yanzu muna can muna zagaye."

Surukin ya dubi Baban yara. Baban yara ya nemi a ba shi ruwa.